Sharhi: Hausawan Sudan da kokawar neman gurbi a shafin farko na Google

A tsakiyar watan Yulin 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a garuruwan Damazin da Rusairis na jihar Blue Nile, labarin ya isa Maraɗi da Kano da Garwa da Kumasi cikin 'yan sa'o'i. Tare da labarin kuma sai wata tambaya ta biyo baya, musamman a bakin matasa: su wane ne waɗannan Hausawa na Sudan, kuma yaushe suka je can?

Wanda ya kai tambayar ga shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google, mafi yawan abin da ya tarar rahotannin rikicin ne: adadin mamata, dokar hana fita, zanga-zangar da Hausawa suka yi a Kassala da Gadarif da Khartoum da Port Sudan. Hukumomin lafiya sun ce sama da mutum 100 ne suka mutu a wannan watan. A watan Oktoba faɗan ya sake tashi a yankin Wad al-Mahi, inda aka kashe kimanin mutum 200, dubun-dubata kuma suka bar gidajensu.

Rahotannin ba ƙarya suka faɗa ba. Sai dai al'ummar da ta shafe fiye da shekara 100 tana noma da kamun kifi da kasuwanci a bakin kogin Nilu ta bayyana ga duniya kamar tarihinta ya fara ne daga ranar da aka zubar da jini. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Injin bincike yana jera abin da ya samu a rubuce ne, kuma abin da Hausawan Jazira da Blue Nile suka rubuta game da kansu a buɗaɗɗen shafi bai taka kara ya karya ba.

Me ya sa shafin farko ke da muhimmanci?

A wurin ɗan kasuwa, hawa saman sakamakon bincike hanya ce ta samun ciniki. Masana na taƙaita wannan fanni da haruffan SEO, masu Faransanci kuma su ce référencement. A wurin al'ummar da ake jayayya kan asalinta kuwa, maganar ta wuce ciniki.

Tushen rikicin 2022 shi ne buƙatar da Hausawan Blue Nile suka gabatar ta a ba su tasu masarauta a tsarin sarautun gargajiya na jihar. Wasu daga cikin ƙabilun yankin suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, kuma Hausawa baƙi ne. Wannan kalma ta "baƙi" tsohuwa ce a Sudan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen shekarar 1897. Dokar 1994 ta dawo da iyakar zuwa farkon 1956, shekarar samun 'yancin kai. Ke nan tambayar "yaushe kuka zo?" ta daɗe tana yanke hukunci kan takardar shaida da gona da kujerar makaranta.

Amsar tana nan a tarihi. Mahajjata daga ƙasar Hausa da Borno sun shafe ƙarnuka suna ratsa Wadai da Darfur da Kordofan a ƙasa zuwa gaɓar Bahar Maliya, wasunsu suka yada zango ba su sake tashi ba. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran masu hijira zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe katafaren shirin noman auduga na Jazira, hannun mutanen yammacin Afirka na cikin waɗanda suka riƙe shi.

Ɗan jaridar da aka ba sa'a biyu ya haɗa rahoto, ko ma'aikacin agaji da aka turo Damazin, ko ɗalibi a Yamai, ba zai je ɗakin karatu neman wannan tarihi ba. Zai buɗe Google, wanda ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na binciken intanet a duniya, ya karanta abin da ke sama, ya wuce. Abin da ya karanta shi zai maimaita, maimaicin kuma ya zama sabon shafi da injin zai ƙara jerawa.

Yadda injin ke zaɓar na gaba

Aikin yana da matakai uku. Da farko wata manhaja mai suna Googlebot tana yawo daga shafi zuwa shafi ta hanyar bin mahaɗan da ke tsakaninsu. Na biyu, abin da ta karanta ana adana shi a wani babban rumbu. Na uku, idan mutum ya rubuta tambaya, injin ya zaɓo daga rumbun ya jera bisa wasu ma'aunai.

Babba daga cikin ma'aunan ya samo asali ne daga dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙira suna ɗalibai a jami'ar Stanford, kafin su kafa kamfanin a 1998. Dabarar tana ɗaukar kowane mahaɗi daga wani shafi a matsayin shaida, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Kamar dai yadda ake yi a kasuwa: baƙon da manyan dillalai suka tsaya masa ya fi saurin samun bashi. An ƙara ma'aunai da yawa daga baya, irin su dacewar kalmomin shafi da tambayar, da sabuntar labari, da saurin buɗewa a waya, da harshe da wurin da mai tambaya yake.

Wannan ne ya sa manyan kafofi ke mamaye sama. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki tun 1957, na DW a 1963, na RFI a 2007, kuma shafukansu sun tara shekaru da mahaɗai masu yawa. Ƙaramin shafin wata ƙungiyar matasa a Sinnar ba zai ture su a kan kalma mai faɗi irin "Sudan" ba. Amma manyan kafofin ba sa rubuta tarihin kowane ƙauye. A kan sunan gari, ko sunan masallaci, ko tarihin wata unguwa, sau da yawa fili a buɗe yake, kuma wanda ya fara rubuta abu mai inganci shi zai zauna a kai.

Gari ɗaya, suna huɗu

Matsala ta farko da ke gaban duk mai son cike wannan fili ita ce ta suna. Garin Mai Wurno ana rubuta shi Maiurno a littattafan Turanci, wasu su rubuta Mayerno ko Mairno, da Larabci kuma مايرنو. Bahaushen da ya rubuta "Wurno" kawai, injin zai kai shi Wurnon jihar Sakkwato. Jihar Jazira ta fi shiga uku: da Larabci sunanta ɗaya ne da na gidan talabijin na Aljazeera da ke Qatar, don haka wanda bai haɗa da sunan Wad Madani ko kalmar "wilaya" ba zai nutse cikin labaran tashar. Blue Nile kuwa Nil Bleu ce a Faransanci, An-Nil al-Azraq a Larabci.

Sunan mutanen ma haka yake. Bafaranshe ya rubuta Haoussa, Bature ya rubuta Hausa, Balarabe ya rubuta الهوسا. A Sudan kuma an daɗe ana tara Hausawa da Fulani da Barebari a ƙarƙashin suna ɗaya, Fallata ko Takarir. Tsofaffin rubuce-rubuce da yawa da wannan suna suka yi amfani, wanda ya nemi "Hausa" kawai ba lalle ya gan su ba.

Akwai wuraren da suna ma bai kafu ba. Bayan an ƙara tsawon madatsar Rusairis, aikin da aka kammala a 2013, an tsugunar da mutanen da ruwa ya tasa a wasu sabbin garuruwa da ake kira da lamba, kuma a irin waɗannan garuruwa na Wad al-Mahi ne faɗan Oktoban 2022 ya fi muni. A Jazira kuma akwai matsugunan leburorin gona da ake kira kanabi, jam'in kambo, waɗanda mazaunansu galibi 'yan asalin Darfur ne da yammacin Afirka. Da yawansu sun shekara aru-aru ba tare da hukuma ta amince da su a matsayin ƙauyuka ba. Wurin da ba shi da tabbataccen suna a takarda, da wuya ya samu gurbi a taswirar intanet.

Ga kuma rarrabuwar rubutu. Bahaushen Sudan yana jin Hausa a gida, amma makaranta da Larabci ya yi ta, don haka da Larabci yake rubutu. Ɗan uwansa na Damagaram yana karanta boko da Faransanci, na Zariya ko na zangon Kumasi boko da Turanci. Harshen baki ɗaya ne, amma a idon injin bincike duniyoyi uku ne da ba su cika haɗuwa ba. Ko a cikin bokon, wani ya rubuta "ƙasa", wani "kasa", wani "k'asa". Nijar na amfani da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y.

Muryar WhatsApp ba ta hawa shafin farko

Ba za a ce Hausawan Sudan ba sa magana a intanet ba. Suna yi, kuma da yawa. Sai dai maganar tana gudana ne a saƙon murya na WhatsApp, da rufaffun zaurukan Facebook, da gajerun bidiyo na TikTok. Googlebot ba ta shiga WhatsApp ko rufaffen zaure. Bidiyon da ba a rubuta masa take da bayani ba, injin ba shi da abin kamawa a jikinsa sosai. Dattijo zai iya ba da tarihin kafuwar ƙauyensu na minti 40, a yi ta turawa daga waya zuwa waya, amma ranar da wayar ta lalace ko aka goge zauren, shi ke nan.

Abin da masana suka rubuta kuma yana kulle a wani wuri daban. Mark Duffield ya wallafa littafi kan garin Mai Wurno a 1981. C. Bawa Yamba ya wallafa nasa kan mahajjatan yammacin Afirka da suka zauna a Sudan a 1995. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na jami'ar Khartoum ya yi nazari mai zurfi kan yadda Hausar Sudan ta cuɗanya da Larabci. Galibin irin waɗannan ayyuka da Turanci suke, a ɗakunan karatu na jami'o'i, nesa da wayar manomin da aka rubuta labarinsa.

Misalin da ke nuna abin da rubutu ke iya yi shi ne na mawaƙiya A'isha al-Falatiya, wadda ta yi fice a gidan rediyon Omdurman tun shekarun 1940, ta rasu a 1974. Wanda ya nemi sunanta da Larabci ko Turanci zai same ta nan take, tare da bayanin asalinta na yammacin Afirka, domin an rubuta tarihinta a shafuka da yawa masu nuni da juna. Haka ma agashe, gasasshen naman da Hausawa suka shahara da shi a biranen Sudan. Abin da aka rubuta ya fito, abin da aka bari a baki ya tsaya a baki.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya ƙara dagula lamarin. RSF ta kama Wad Madani a Disamban 2023, ta shiga Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su ƙwato Sinja a ƙarshen shekarar, Wad Madani kuma a Janairun 2025. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗi a wuraren da ke da na'urar Starlink don aika saƙo na 'yan mintuna. Mai neman inda zai kwana da iyalinsa ba ya tunanin sabunta shafin intanet. Shafin da aka daina biyan kuɗin adireshinsa kuwa mutuwa yake yi, duk darajar da ya tara ta tafi da shi.

Abin da ke aiki, da abin da ke cinye kuɗi a banza

Dabarun da ke aiki ba su da tsada, haƙuri suke buƙata. Na farko shi ne mayar da murya rubutu: a ɗauki hirar dattijo, a rubuta ta, a sa a buɗaɗɗen shafi mai adireshinsa na kansa, da ranar da aka yi hirar da wurin da aka yi ta. Kowane gari ya samu shafinsa, taken shafin ya ɗauki sunan garin da jiharsa, sakin layi na farko kuma ya kawo sauran hanyoyin rubuta sunan. Da haka mai nema da Larabci da mai nema da boko za su faɗo wuri guda.

Na biyu shi ne harshe. Shafin da ya cakuɗa Larabci da Hausa da Faransanci a wuri ɗaya yana rikita injin. Abin da Google da kansa ke ba da shawara shi ne kowane harshe ya samu adireshinsa, a haɗa su da alamar da ake kira hreflang, wadda ke shaida wa injin cewa wannan fassarar wancan ce. Fassarar ma ta zama ta mutum. Google Translate ya ɗauki Hausa tun 2013, amma yakan yi tuntuɓe a kan sunayen garuruwa da na sarauta, su ne kuwa ƙashin bayan irin wannan rubutu.

Na uku, shafin ya zama mara nauyi. Google yana auna shafi ne da yadda yake buɗewa a waya, masu karatu a Jazira da Diffa kuma da ƙaramar waya da ɗan guntun data suke shiga. Hoto ɗaya da aka rage wa nauyi, aka rubuta bayaninsa a ƙasa, ya fi guda goma da ba sa buɗewa. Manhajar Search Console kyauta ce, tana nuna ko injin ya ga shafin da kuma kalmomin da mutane ke zuwa da su.

Wikipedia na da nata matsayi, domin tana yawan fitowa a sama, akwai ta da Hausa da Larabci da Faransanci. Sai dai ba ta karɓar "kakana ya faɗa mini". Tana neman madogara da aka wallafa, kuma nan ne littattafan da aka ambata za su yi amfani. Taswirar OpenStreetMap ma kowa na iya ƙara sunan ƙauye a cikinta.

Abin da ke cinye kuɗi a banza shi ne masu alƙawarin kai shafi lamba ɗaya cikin mako guda. Sayen mahaɗai da cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi duk sun saɓa wa ƙa'idojin Google, kuma suna iya jawo a tura shafin can ƙasa. Sakamakon aikin gaskiya yakan ɗauki makonni ko watanni kafin a gan shi.

Fitowa fili ma na da nasa hatsari

A ƙasar da ake yaƙi, ba kowane abu ne ya kamata injin bincike ya gani ba. A Janairun 2025, lokacin da sojoji da mayaƙan da ke mara musu baya ke komawa Jazira, an kai hare-hare kan wasu kanabi bisa zargin mazaunansu da goyon bayan RSF. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba, ta kuma ɗora alhakin a kan dakarun Sudan Shield na Abu Aqla Kaikal. A irin wannan yanayi, shafin da ya jera sunayen iyalai da hotunan gidaje da wurin da 'yan gudun hijira suka fake zai iya zama jagora ga mai mugun nufi. Tarihin kafuwar gari da sana'o'insa da malamansa na da abu ne na wallafawa. Sunan mai rai da inda yake kwana, sai da izininsa, wani lokaci ma ko da izinin gara a bari.

Hatsari na biyu daga cikin gida yake. Kalaman ƙiyayya a shafukan sada zumunta na cikin abubuwan da aka zarga da rura wutar 2022. Shafin da aka buɗe don kare Hausawa, idan ya koma zagin Berta ko Hamaj ko Funj, ya ba abokan jayayya hujja, ya kuma rasa amincewar manyan kafofin da mahaɗinsu ke ɗaga shafi. Rubutun da ya kawo shekara da wuri da madogara, ya kuma faɗi hujjar ɗaya ɓangaren yadda take, shi ɗan jarida zai iya dogara da shi.

Dole kuma a san iyakar abin. Hawa shafin farko ba ya mayar wa kowa gonarsa, ba ya ba da masarauta. Waɗannan a teburin sulhu da kotu da majalisa ake yanke su. Abin da yake yi shi ne ya sa masu zama a teburin, da masu ba da rahoton zaman, su iso da cikakken labari.

Rabon 'yan uwa na ƙetare

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai waƙar a yau yana gudun hijira, wutar lantarki da layin waya ba su tabbata gare shi ba. Abin da ya rasa kuwa yana hannun 'yan uwansa. Malamin makaranta a Tawa zai iya mayar da saƙon murya rubutun boko. Ɗalibi a Njamena ko Abeche, mai Larabci da Faransanci, zai iya fassarawa. Ƙungiyar Hausawa a Jidda ko Yawunde za ta iya ɗaukar nauyin kuɗin adireshin shafi na shekaru, ta kuma ajiye kwafinsa a rumbun Internet Archive. Jaridu da gidajen rediyon Hausa masu shafi a intanet, duk lokacin da suka taɓo labarin Sudan, za su iya sa mahaɗi zuwa shafin da mutanen wurin suka rubuta da kansu. Wannan mahaɗin shi ne shaidar da injin ke ƙirgawa.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, mutane da yawa kuma sun koma tambayar manhajoji irin su ChatGPT kai tsaye. Waɗannan manhajoji daga rubutun da ke intanet suke koyo. Inda rubutun ya yi ƙaranci, amsar takan zo a gurguje ko a karkace, mai tambaya kuma ba lalle ya gane ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tambayar da aka yi wa Hausawan Blue Nile a 2022 ana iya yin ta gobe ga mazauna zangon Kumasi, ko unguwar Briqueterie a Yawunde, ko PK5 a Bangi. Dattawan da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta da ƙafarsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu a sansanonin gudun hijira. Hirar da ba a ɗauka aka rubuta a bana ba, wataƙila baɗi babu wanda za a yi ta da shi.